Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya kan masu fama da cutar karkarwa ta Parkinson

Zuwa ga Mai girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a na Tarayya, Abuja, tare da sanar da shugabannin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa NHIA, da hukumar NAFDAC, da asusun tallafa wa manyan makarantu TETFund, da kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah Ya taya ka riƙon wannan amana, ni malamin sakandare ne, ina koyar da ilimin halittu. Ba likita ba ne ni. Na rubuto ne a madadin wasu iyalai da benci ɗaya ya haɗa mu, bencin jiran ganin likita a wani asibitin koyarwa da ke Arewa, inda kowannenmu ke kawo uba ko uwa ko miji ko ƙani mai fama da cutar karkarwa, wadda likitoci ke kira cutar Parkinson. Mun faro ne da "yaya mai jiki", muka koma musayar lambar waya. Yanzu idan magani ya yanke a gari, junanmu muke bugawa mu ji wa ya ga ko kwali ɗaya a wane kemis. Su suka ɗora mini wannan rubutu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A watan Mayun 2022 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da wani shiri na shekara goma, daga 2022 zuwa 2031, kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da shirin ya hau kansu. A cikin watan dai aka sa hannu kan sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa. Mun yi murna da duka biyun. Shekaru sun shuɗe, mu da ke kan bencin nan ba mu ga abin da ya sauya ba, sai tsadar magani da ta ƙaru. Wannan shirun ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Mahaifina malamin allo ne. Ya haura shekara arba'in yana rubuta wa yara allo, rubutunsa manya-manya, baƙaƙen a tsaye kamar dasa su aka yi. Abin da muka fara lura da shi ba rawar hannu ba ce. Rubutun ne ya fara ƙanƙancewa. Zai fara layi da girmansa, kafin ya kai ɗaya gefen allon haruffan sun tsuke kamar jerin tururuwa, har yaro sai ya kawo allon dab da ido. Muka ce tabarau yake buƙata. Shekaru kafin haka ya daina jin ƙamshi. Ranar Juma'a sai ya shafa turare ya ƙara shafawa, yana cewa turaren zamani ba shi da ƙarfi. Ga taurin bayan gida da ya addabe shi, ga fizge-fizge da surutai cikin barci da Inna ta sha faɗa mana. Babu wanda ya haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya. Da rawar ta zo, a babban yatsa da manunin hannun dama ta sauka, suna murza juna idan yana zaune, har baƙi suna ɗauka carbi yake ja. Fuskarsa ta daskare, maƙwabta suka fara tambayata ko wani ya ɓata wa Malam rai. Muryarsa ta dusashe, sahu na biyu ba ya jin kabbararsa, sai ya miƙa wa wani limancin masallacin unguwa ba tare da ya ce wa kowa komai ba.

An ce tsufa ne. An ce iska ce, an ce sammu ne. A wani asibiti an ce hawan jini ne ya taɓa shi. Sai bayan shekara uku muka dace da likitan da ya gane ta, kuma bai taɓa wata na'ura ba. Ya sa Malam ya taka daga ƙofa zuwa taga, ya ga hannun dama ba ya lilo. Ya sa shi ya riƙa haɗa yatsu biyu yana buɗewa, ya ga motsin yana raguwa. Ya lanƙwasa masa gwiwar hannu ya ji taurin. Duka bai kai rabin awa ba.

Ranka ya daɗe, na san a ma'aikatarku akwai waɗanda suka fi ni sanin abin da zan faɗa nesa ba kusa ba. Amma wasiƙar nan jama'a ma za su karanta, don haka a yi mini uzuri in yi bayanin da nake yi wa ɗalibaina, domin a kansa duk ƙorafinmu ya ginu.

Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna kamar wayar lantarki ba. Kowace ƙwaya tana miƙa dogon zare, zaren ya rarrabu rassa-rassa, a kan rassan akwai 'yan kumburi ƙanana. Su nake kira bakin jijiya. Tsakanin bakin nan da ƙwaya ta gaba akwai 'yar tazara, kuma saƙo ba ya tsallake ta sai da ɗan aike. A cikin kowane baki an jera 'yan mitsi-mitsin jakunkuna cike da sinadarin saƙo, faɗin kowace kamar nanomita 40, wato sai ka jera 25,000 kafin su cika milimita ɗaya. Da zarar saƙo ya iso, sinadarin kalsiyam ya kutso ciki, jakar ta manne da bango ta juye abin da ke cikinta waje, cikin lokacin da ƙiftawar ido ma ta yi masa tsawo. Daga nan a janyo fatar jakar ciki, a sake ƙulla ta, a sake cikawa. Haka ake yi dare da rana har ƙarshen rayuwar mutum. Gano yadda wannan juyewa ke gudana na cikin aikin da ya sa aka ba Thomas Südhof kyautar Nobel a 2013, tare da James Rothman da Randy Schekman.

Sinadarin da ke sassauta wa jiki motsi shi ne dofamin. Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ne ya nuna haka a ƙarshen shekarun 1950, sannan a 1960 Oleh Hornykiewicz a birnin Biyana ya auna ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da wannan cuta ya tarar dofamin ɗin ya ƙafe. Ƙwayoyin da ke samar da shi suna wani ɗan wuri baƙi-baƙi can ƙasan tsakiyar ƙwaƙwalwa, kuma kayan da aka ɗora musu ya yi yawa. Masana sun ƙiyasta cewa a jikin ɗan Adam ƙwaya ɗaya daga cikinsu tana ciyar da bakuna fiye da miliyan ɗaya, kuma idan aka miƙe zarenta da rassansa zai haura mita huɗu. Magidanci ɗaya ne aka ce ya ciyar da gari guda. Ba abin mamaki ba ne idan su suka fara gazawa.

Ga abin da binciken shekarun nan ya ƙara fitarwa, wanda ya sauya yadda nake kallon ciwon mahaifina: ɓarnar daga bakunan nan take farawa, kafin uwar ƙwayar ta mutu. Kamar itacen da ke bushewa daga ganye da rassa, gindin yana nan da sauran rai. Kafin rawar hannu ta bayyana, kusan rabin bakunan dofamin ko fiye sun riga sun tafi. Wani bincike da Jeffrey Kordower da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya nuna cewa wajen shekara huɗu bayan an gano cutar, alamun bakunan nan a sashen da ke kula da motsi sun kusa ɓacewa gaba ɗaya, alhali akwai ragowar ƙwayoyin a mazauninsu. Furotin ɗin da ake zargi da hannu a ciki, alfa-sinukilin, a bakin jijiya yake zaune, yana manne da jakunkunan nan. A 1988 aka fara gano shi, a jikin wani kifin teku mai lantarki, mai irin aikin minjirya tamu. A 1997 aka tarar da tangarɗa a ƙwayar gadonsa cikin wani dangi 'yan asalin garin Contursi na Italiya da cutar ke bin jininsu, kuma a shekarar Maria Grazia Spillantini ta nuna cewa shi ne ke cuɗewa ya zama dunƙulen da ake gani a ƙwaƙwalwar masu cutar. Daga baya aka gano wasu ƙwayoyin gado, irin su SYNJ1 da DNAJC6, waɗanda aikinsu shi ne sake ƙulla jakar bayan ta juye. Idan suka samu matsala, cutar kan kama mutum tun yana matashi.

Ba ina cewa da an gane ciwon Malam da wuri da an tsayar da shi ba ne. Har yau babu maganin da ke tsayar da wannan cuta. Abin da nake cewa ya fi haka ciwo. Maganin da ake da shi, lebodofa, ɗanyen kaya ne; ragowar bakunan jijiya su ke karɓarsa su mayar da shi dofamin, su zuba a jakunkuna su adana, su riƙa saki a hankali. Shi kansa maganin ba ya daɗewa a jini, cikin kamar awa ɗaya da rabi rabinsa ya tafi. A shekarun farko, da yake rumbun yana tsaye, ƙwaya uku a rana sai su riƙe mutum yini guda kamar ba shi da komai. Idan rumbun ya rushe, sai jiki ya koma bin hawa da saukar maganin, awa biyu mutum yana tafiya, awa biyu ya ƙame. Shekara ukun da muka yi muna yawo su ne shekarun da magani zai fi yi wa mahaifina aiki. Da ya ci gaba da limancinsa. Ba za a dawo mana da su ba, kuma a yau ɗin nan akwai dubban gidaje da ke cikin nasu shekara ukun.

Wannan shi ne ƙorafinmu na farko: ba a koya wa ma'aikatan da talaka ke fara gani yadda za su gane cutar ba. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi 'yan ƙalilan ne, kuma galibinsu suna asibitocin koyarwa, Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri da makamantansu. Tsohon da ke ƙauye ba zai fara da su ba. Zai fara da ɗakin shan magani na mazaɓa ko mai kemis na bakin kasuwa. A can, idan an ga rawar hannu, abin da aka fi miƙa masa shi ne benzhekzol, wanda ake kira Artane, don shi ne mai arha. Yana ɗan rage rawar, amma ba ya sakin taurin jiki da nauyin motsi yadda ake so, kuma ga tsofaffi yana kawo ruɗewa da mantuwa da gane-gane da riƙewar fitsari. Wata baiwar Allah a cikinmu ta ce mijinta ya fara ganin mutane a kusurwar ɗaki, dangi suka tabbatar aljanu ne, ashe ƙwayar ce. Kuma da yake wannan ƙwaya ita ce Exol da matasa ke shaye-shaye da ita, ɗan da ya je sayo wa mahaifinsa sai a bi shi da wani irin kallo. Akwai kuma magungunan da su kansu ke jawo alamun cutar ko su tsananta ta, kamar metokulofuramayid na tashin zuciya da haloferidol na taɓin hankali, ana ba tsofaffi su babu tambaya. Har yanzu ma akwai masu ba da shawarar a jinkirta lebodofa wai kada ya ƙare aiki da wuri, alhali wani bincike da aka yi a kan majinyata a Gana, aka wallafa a 2014, ya nuna cewa matsalolin da ke biyo baya sun fi alaƙa da daɗewar cutar da yawan abin da ake sha, ba da fara shansa da wuri ba. Jinkirin asara ce kawai.

Na biyu, kuma shi ne wanda ke hana mu barci: magani. Tun 1967 George Cotzias ya nuna a Amurka cewa lebodofa yana tayar da wanda ya ƙame. Haɗin lebodofa da kabidofa (mai hana jiki lalata lebodofa kafin ya kai ƙwaƙwalwa), wanda mutane suka fi sani da sunan Sinemet, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba sabon abu ba ne, ba kuma na alfarma ba. Amma binciken da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka yi a kantunan magani na sassan ƙasar nan, aka wallafa a 2019, ya nuna an fi samun sa a kantuna masu zaman kansu fiye da na asibitocin gwamnati, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Wannan kafin 2023 ke nan, kafin a saki naira ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya ta haura 1,500. Daga waje ake shigo da shi, don haka duk tashin dala a kan kwalin nan yake sauka.

Ka san abin da muke yi, ranka ya daɗe? Raba ƙwaya muke yi da reza. Wanda aka rubuta wa sau uku a rana ya koma sau biyu, ya zaɓi wace salla yake so ya yi a tsaye. A wata damina maganin ya yanke mana kwana tara, na zagaye kemis-kemis na gari har na aika Kaduna. A kwana na huɗu na ga mahaifina ya tsaya a ƙofar zaure, ƙafafunsa sun manne da ƙasa kamar an kafe su, jikinsa ya karkata gaba, idonsa a kaina, buta a hannu. Ya fi minti biyar a haka. Sai da na shimfiɗa sandarsa a gabansa na ce "Malam, tsallake", sannan ƙafar ta ɗaga. Da dare ba ya iya juyawa a kan gado, ni da ƙanena muke tashi mu juya shi. Koko ma sai ya sarƙe shi. Mun yi sa'a. Wata tsohuwa a cikinmu a irin wannan yankewar ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu, ba ta sake tashi ba, Allah Ya jiƙanta. Likitoci sun gargaɗe mu cewa daina wannan magani farat ɗaya yana iya jawo zazzaɓi mai zafi da sandarewar jiki har ya kai ga rasa rai. To yaya za a yi da maganin da ba a son a daina shi kwana ɗaya, amma kasuwa ke yanke shi mako guda?

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na musamman don masu rauni, kuma tsofaffi da masu naƙasa da marasa galihu suna cikin waɗanda ta ambata. Malamin allo da manomi da mai sayar da ƙosai ba su taɓa karɓar albashin gwamnati ba, ba su da katin inshora. Idan wannan asusu ba don irinsu aka yi shi ba, don wa aka yi shi?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da magani ya yi tsada, masu tallar gargajiya a rediyo da Facebook sun samu kasuwa. Abin da ya sa ba zan yi watsi da zancen gaba ɗaya ba shi ne karara, waken dajin nan mai ƙaiƙayi da yara ke gudu. Ƙwayarsa tana ɗauke da lebodofa na gaske. An gwada garinsa a kan majinyata a Bolibiya, aka wallafa sakamakon a 2017, ya kuma yi aiki, an kuma ci gaba da nazarinsa a Gana. Amma ƙarfinsa ya bambanta daga iri zuwa iri, babu kabidofa a cikinsa, yana sa tashin zuciya, kuma wanda ya auna da cokali a gida yana wasa da ransa ne. Muna da cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, a Idu, wadda ta taɓa fitar da Niprisan na masu amosanin jini daga tsirranmu. Aikinta ne wannan.

Na uku, maganin feshi. A 1982 a jihar Kalifoniya aka kawo wasu matasa asibiti sun ƙame kamar gumaka cikin 'yan kwanaki, bayan sun yi wa kansu allurar wata gurɓatacciyar ƙwaya. Likita William Langston ya bi diddigi ya gano gubar. Abin da ta rikiɗe ta zama a ƙwaƙwalwa yana shiga ne ta ƙofar da bakin jijiya ke janye dofamin da ita bayan an gama aiki da shi, ya kashe ƙwayar daga ciki. Siffar wannan guba ta yi kama ƙwarai da ta farakwat, maganin ƙona ciyawa da manomanmu suka saba da shi. Wani bincike a kan manoman Amurka da aka wallafa a 2011 ya tarar masu amfani da farakwat sun fi sauran kamuwa da cutar da kusan ninki biyu da rabi. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007. Faransa tun 2012 ta amince cewa cutar Parkinson tana cikin cututtukan da aikin feshi ke jawo wa manomi. Mun ji sanarwar da NAFDAC ta yi ta janye farakwat daga ƙasar nan, kuma mun yaba. Amma sanarwa a Abuja daban, kasuwar ƙauye ranar cinta daban. Duk wanda ya bi gonaki da damina ya ga yaro ɗan shekara goma sha biyar goye da tankin feshi yana ɗiga a bayansa, ba takalmi, ba abin rufe hanci, yana motsa haɗin da hannu, kuma robar da aka juye a koma zuba ruwan sha a ciki. Wanda ya shaƙa yau, idan cutar za ta kama shi, mai yiwuwa sai bayan shekaru masu yawa hannunsa zai fara rawa, lokacin da babu wanda zai tuna da tankin.

Na huɗu, bincike. A nan ne na fi jin kishi, domin an riga an nuna za mu iya. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan tun a shekarun 1980 ya bi gida-gida da abokan aikinsa a Igbo-Ora suna ƙidayar masu cututtukan jijiya, har aka kwatanta sakamakon da na baƙaƙen fata a jihar Misisifi. A 2023 kuma, wata tawagar likitocin Najeriya ƙarƙashin Farfesa Okubadejo, tare da masana daga Landan da Amurka, suka gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar ga mutanen da asalinsu Afirka ne, wanda kusan ba a ganin sa a Turawa. An same shi a wajen kashi 39 cikin ɗari na majinyatan da aka duba. Ita GBA1 tana cikin masu kwashe shara a cikin ƙwaya, kuma idan ta yi rauni alfa-sinukilin ya fi taruwa. A ɗaya ɓangaren, sauyin ƙwayar gado ta LRRK2 da ya yi yawa a tsakanin Larabawa da Barbar na Arewacin Afirka, ba a same shi a 'yan Najeriyar da aka gwada ba. Ma'ana, maganin da za a ƙera gobe bisa jinin wasu ba lalle ya dace da mu ba. Amma kuɗin wannan babban aiki da manyan na'urorinsa daga waje suka zo. Mun gode musu. Sai dai ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 bai kamata ta tsaya a matsayin mai ba da jini kawai ba.

A Damaturu, Dakta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa da ke Jami'ar Sussex, ya jagoranci kafa cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, da goyon bayan gwamnatin jihar. Akwai madubin ƙara girma na zamani a can, ana horar da matasa, har sun samar da ƙwayoyin asali daga jikin ɗan ƙasar nan, irin waɗanda ake iya juya su su zama ƙwayoyin jijiya a cikin faranti. Da wannan fasaha za a iya ɗaukar ɗan samfuri daga jikin majinyaci Bahaushe ko Babarbare ko Bafulatani, a raini ƙwayoyin dofamin irin nasa, a zuba ido a ga yadda jakunkunan bakin jijiyarsa ke cika suna juyewa, ba tare da an taɓa gawar kowa ba. Jiha ɗaya ta fara wannan. Me zai hana Tarayya?

Ba ma duk binciken ne ke son na'ura mai tsada ba. Rashin jin ƙamshi yana riga rawar hannu da shekaru, amma gwaje-gwajen ƙamshin da ake da su an gina su ne a kan abubuwan da Bature ya saba shaƙa. Tsohuwar da ba ta taɓa jin ƙamshin wani ɗan itacen Turai ba za ta faɗi gwajin ko da hancinta lafiya lau. A ba ɗalibin digiri na biyu tallafi ya haɗa namu da daddawa da citta da kanumfari da tafarnuwa da man shanu, a tantance shi yadda ilimi ya tanada.

Don haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A sa haɗin lebodofa da kabidofa cikin magungunan da ba a yarda su yanke ba a kowane babban asibitin Tarayya da na jiha, a saye shi da yawa kai tsaye daga masu ƙera shi don farashin ya sauko, a kuma ƙarfafa wa kamfanonin cikin gida gwiwa su fara haɗa shi. NHIA da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi su sa masu wannan cuta cikin asusun masu rauni da sunan cutarsu, ba sai sun nemi alfarma ba. Wannan shi ne na gaba da komai. Idan ɗaya kawai za a yi mana a bana, shi muke so.

A shirya gajeren horo ga ma'aikatan lafiya na matakin farko da ma'aikatan jinya da masu kemis, da Hausa da sauran harsunanmu, kan alamomin cutar da magungunan da bai kamata a ba tsoho mai rawar hannu ba, da kuma inda za a tura shi. A haɗa da bayanin da mu sai da wahala muka koya: cewa nama da wake da madara suna rage shigar maganin idan an haɗa su lokaci ɗaya, don haka a sha shi kafin cin abinci da kamar rabin awa, cewa motsa jiki kullum yana taimakawa, cewa mai shan magani sau huɗu a rana yana buƙatar zama da likita da malami kafin azumi ya kama. A sa masu gashin ƙashi da motsa jiki cikin tsarin.

NAFDAC da ma'aikatun gona su bi sanarwar farakwat da ƙafa har kasuwannin ƙauye da kan iyakoki, malaman gona su koya wa manoma kare jikinsu daga duk wani maganin feshi, a hana sa yara wannan aiki.

TETFund ta ware wani kaso na asusun bincike na ƙasa ga cututtukan da ke cin ƙwaƙwalwa, tallafi na shekara biyar ba na wata goma sha biyu ba, domin ƙwayar jijiya a faranti watanni take ɗauka kafin ta nuna, kuma ɗaukewar wuta na dare ɗaya yana kashe aikin shekara. A buɗe rajistar masu cutar a asibitocin koyarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ke ɗauke da ita a duniya, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. Muna so a ƙidaya namu, da garuruwansu da sana'o'insu, a ga ko manoma sun fi yawa. Duk samfurin da zai fita waje kuma, a rubuta a yarjejeniya cewa sakamakon da horon za su dawo gida.

Ranar 11 ga Afrilu ita ce ranar cutar Parkinson ta duniya, ranar haihuwar James Parkinson, likitan Landan ɗin da ya fara bayyana ta a 1817. Muna roƙon kafin ta zagayo ma'aikatarku ta fito ta faɗi abin da ta yanke kan magani, kuma a ba wakilanmu dama su zauna da jami'anku. Za mu zo da katunan asibiti da rasit-rasit da ɓallayen ƙwayoyin da muka raba.

Na karanta wa mahaifina wasiƙar nan kafin in aika, da hantsi, lokacin da maganin safe ke kan aiki kuma muryarsa ke fita. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in ƙara cewa yana da almajirai ashirin da bakwai, cewa yanzu allo huɗu ko biyar yake iya rubutawa kafin hannun ya tsuke, kuma idan kwalin wata mai zuwa ya samu, shi zai ci gaba da rubuta su da kansa.

Wassalam. Allah Ya ƙara wa Minista lafiya.

Naku,
Wani malamin makaranta,
a madadin iyalan masu fama da cutar karkarwa.